Daga Gurgusowar Hamada zuwa Sassabin Zamani: Tarihin Binciken Mutum da Ƙasa a Jahar Maraɗi

A ƙasidun yaƙi da jahilci da shirye-shiryen rediyo na ƙasar Nijar an saba fassara kalmar Faransanci désertification da “gurgusowar hamada”, a Najeriya kuwa “kwararowar hamada”. Duka biyun hoto guda suke zanawa: rairayi ya taso daga arewa, yana matsowa taki bayan taki, yana binne gona da rijiya. Amma in aka tambayi manomin Mayahi ko na Tasawa abin da ya samu gonarsa, ba hamada zai ambata ba. Cewa zai yi ƙasa ta gaji, ko kuwa daji ya ƙare. Masana sun shafe shekara hamsin da ɗoriya suna gardama kafin su isa inda maganar manomin ta tsaya, kuma ba su isa ba sai da masu fanni daban-daban suka yarda su yi gayya a gona guda. Jahar Maraɗi tana cikin wuraren da aka fi yin wannan gayya a duk yankin Sahel, shi ya sa tarihinta ya cancanci a bi shi.

Masu gandun daji da hamadarsu

Hoton hamada mai tafiya yana da uba. A shekarar 1934 wani malamin ilimin gandun daji na jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin Najeriya da kudancin Nijar. A 1935 ya buga maƙala yana cewa Sahara tana cin ƙasa wajen kilomita guda kowace shekara, kuma laifin na gatari ne da wuta da kiwo. Maganin da ya kawo shi ne a kafa ɗamarar itatuwa daga gabas zuwa yamma don ta tare rairayi. Da rani ya yi tafiyar, lokacin da duk ƙasar Hausa take fari fat, ko a shekarar da rumbuna suka cika.

Maganarsa ta tayar da hankalin gwamnatocin mulkin mallaka biyu, har suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa na Ingilishi da Faransawa, wanda ya bi iyaka tsakanin Yamai da tabkin Cadi daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937. A cikinsa akwai André Aubréville, masanin itatuwa, da Brynmor Jones, masanin duwatsu da ƙasa. Kwamitin bai ga hamada tana gurgusowa ba. Tuddan rairayin da suka firgita Stebbing tsofaffi ne, na wani zamani mai nisa, ciyawa da itatuwa sun daɗe da ɗaure su. Abin da suka gani shi ne lalacewa nan da can, inda jama'a suka yi yawa. Wannan hukunci ya shiga akwatin takardu ya kwanta, hoton Stebbing kuwa ya ci gaba da yawo, don ya fi sauƙin faɗi kuma ya fi ban tsoro. Aubréville kansa shi ne ya yaɗa kalmar désertification a littafinsa na 1949, ko da yake shi lalacewar dazuzzukan kudu masu ruwa yake nufi.

Tun kafin kwamitin ya tashi, an riga an yi doka. Dokar daji ta 4 ga Yuli 1935 ta Afirka ta Yamma ta Faransa ta ware gandayen daji, ta kuma jera itatuwan da ba a sarewa sai da izini. Dokar Nijar mai ƴancin kai ta Maris 1974 ta bi sawunta, gawo yana cikin jerin. Babu wanda ya tambayi manomi yadda zai ɗauki itacen da ya tsiro a gonarsa amma hukuma ta ce nata ne. Amsar ba ta da wuya: itacen da zai jawo maka tara gobe, gara ka cire shi yau tun yana ƙarami, kafin malamin daji ya gan shi.

Abin da tarihi ya sani

Da masu gandun daji sun tambayi masana tarihi, da sun ji cewa ƙasar da suke dubawa sabuwa ce a hannun noma. Bayan faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri. Kusan ƙarni guda ana yaƙi da daular Sakkwato, jama'a suna cunkushe a garuruwa masu ganuwa da shinge a bakin Gulbin Maraɗi, tsakaninsu da maƙwabta kuwa daji ne mai faɗi, na maharba da mahara. Da yaƙi ya kwanta a farkon ƙarni na 20, sai mutane suka fantsama kan jigawa, kowane maigida yana haƙa rijiya yana sare daji. Sunayen ƙauyuka sun riƙe wannan labari: Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane, Rijiyar wane, kowanne da sunan wanda ya fara kafa bukka. Mai nazarin sunayen wurare yana iya bin wannan ƙaura a taswira kamar yadda ake bin sawun garke.

Guy Nicolas, wanda ya yi shekaru yana nazarin Anna na kwarin Maraɗi kuma ya buga babban littafinsa a 1975, ya nuna cewa a wurinsu daji ba fili ne marar mai shi ba. Mazaunin iskoki ne, ba a shigarsa sai da alkawari, kuma kowace sana'a, noma ko farauta ko su ko ƙira, tana da dangin da ya gaje ta tare da tsafinta. Bikin buɗin daji, wanda aka fi sani a Masalata kusa da Birnin Ƙwanni, yana cikin wannan tsari: akwai lokacin da daji yake rufe, akwai mai ikon buɗe shi. Ko mutum bai yarda da iskoki ba, ya ga cewa wannan doka ce ta amfani da ƙasa, kuma da ta raunana babu wadda ta maye gurbinta sai dokar tara.

Sa'an nan ga gujiya, wato gyaɗa. Lanho sai da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa gujiya ce take kawo su. Daga shekarun 1930 nomanta ya bazu, bayan yaƙin duniya na biyu ya bunƙasa, a 1962 aka kafa kamfanin SONARA don sayenta. Shekarun 1950 na ruwa ne ƙwarai, manoma suka yi ta matsawa arewa cikin makiyaya, har gwamnati ta shata iyakar noma ta arewa da dokar Mayu 1961, iyakar da ba ta tsayar da kowa ba.

Gayyar Bordo

Daga 1968 ruwa ya ja baya, a 1973 abin ya kai maƙura. Dabbobi suka mutu, gujiya ta faɗi, cutar da ta kama ta a 1975 ta ƙarasa ta. Tsohon hoto ya farfaɗo da sabon ƙarfi. A 1975 Jule Charney, masanin yanayi a Amurka, ya kawo ra'ayin cewa ƙasar da aka tsiraita tana mayar da hasken rana sama, wannan kuwa yana hana hadari haɗuwa; ma'ana manomi da makiyayi su suka kori ruwa da hannunsu. A shekarar dai Hugh Lamprey ya leƙa arewacin Sudan daga jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da taswirar 1958, ya ce hamada tana tafiyar kilomita 5.5 a shekara. Wannan adadi ya shiga taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada da aka yi a Nairobi a 1977, daga nan ya shiga littattafan makaranta.

A daidai wannan lokaci ne wata ƙungiyar masu bincike ta jami'ar Bordo ta biyu ta fara aiki a jahar Maraɗi, ƙarƙashin Claude Raynaut. Shi masanin zaman jama'a ne, ya zauna a Sumarana kusa da Maraɗi tun shekarun 1960, yana jin Hausa. Tare da shi akwai Jean Koechlin masanin tsirrai, da Michel Stigliano, da Emmanuel Grégoire wanda daga baya ya rubuta tarihin Alhazan Maraɗi, da masana aikin gona. Rahotonsu na dunƙule ya fito a 1980. Dabararsu ita ce kowa ya dubi abu guda daga matakai uku: jaha gaba ɗaya, ƙauye, da gida. Suka gwada hotunan jirgin sama na 1957 da na 1975, suka ga yadda gonaki suka cinye daji da maiso, wato gonar da aka bari ta huta. Suka zaɓi ƙauyuka kaɗan daga kudu mai ruwa zuwa arewa mai ƙarancinsa, irin su Sharken Hausa da Gurjae, suka auna gonaki ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta mai kowace, da ranar shuka, da ranar noma, da abin da aka girbe.

A nan ne amfanin gayya ya fito. Masanin tsirrai yana iya nuna cewa gona kaza ta tsiraice, masanin aikin gona ya ce an makara wajen nomanta. Dalilin makarar kuwa ba ya cikin ƙasa. Mai gonar rumbunsa ya ƙare tun kafin damina, don haka kwanakin noman fari, waɗanda su ne suke yanke hukuncin shekara, ya yi su a gonar wani yana barema don ya sami abin da za a ci da dare. Da ya juyo kan tasa, haki ya riga ya sha ƙarfin hatsi. Da kaka sai ya sayar da kara da harawa, abin da zai rufe ƙasa daga iskar hunturu ya tafi gidan mai dabbobi, taki kuma ya koma gonar mai dabbobin. Haka albarkar ƙasa take ƙaura daga gonar talaka zuwa gonar mai hali, a cikin ƙauye guda, ƙarƙashin ruwan sama guda. Taswirar da aka zana daga sama ba ta iya ganin wannan.

Sun kuma nuna yadda gandu yake watsewa. A tsarin da, maigida ne yake riƙe da babbar gona, kowa ya yi mata aiki a kwanakin gandu, shi kuwa ya ciyar ya biya lanho. Mata da samari suna da gamana, ɗan yankin da suke nomawa a sauran kwanaki. Da kowace bukata ta zama ta kuɗi, daga aure har biki, sai kowa ya karkata ga gamanarsa da cin rani, gidaje suka rarrabu, gonaki suka tsattsage wajen gado, jingina da sayar da gona suka zama ruwan dare. Jawabin Shugaba Saini Kunce na Disamba 1974, cewa gona ta mai nomanta ce, an yi shi da nufin taimakon talaka, amma ya sa masu gonaki suka ji tsoron ba da aro, suka kuma ji tsoron barin maiso kada wani ya shiga. Ga kuma yawan jama'a: ƙidayar 1977 ta sami kusan mutum 950,000 a jahar, ta 1988 kusan 1,390,000, ta 2012 fiye da 3,400,000.

Wani abin da ya kamata ma'aikatan harshe su lura da shi shi ne cewa ƙungiyar ba ta iya yin aikinta ba sai da kalmomin manoma. Jigawa, geza da fadama sun shiga rahotannin Faransanci yadda suke, don babu kalmar da ta fi su daidai. Jigawa mai rairayi ce, mai sauƙin noma, tana riƙe ɗan ruwan da ta samu a shekarar fari. Geza mai tauri ce, ta fi ƙarfi in ruwa ya wadata, amma in ya yi ƙaranci sai ta ƙi. Manomin da yake da yanki a kowacce ya raba ƙafa ke nan tsakanin shekara mai ruwa da marar ruwa. Babban aikin raya karkara na Maraɗi, wanda Bankin Duniya ya ba kuɗi daga ƙarshen shekarun 1970, ya zo da ƙunshin dabaru guda ga kowa: iri zaɓaɓɓe, takin zamani, garmar shanu. Littafin da ƙungiyar Bordo ta fitar a 1988 kusan duk jan kunne ne a kan wannan, cewa ƙauyukan ba ɗaya ba ne, gidajen cikinsu ma ba ɗaya ba ne.

Sai dai ita ma gayyar tana da inda ganinta ya tsaya. Hukuncinta na 1980 mai duhu ne: daji ya ƙare, maiso ya ƙare, tsarin noman ya kai bango. Ta bayyana ciwon daidai, amma ba ta hango abin da manoma za su yi da shi ba.

Shekarar El-Buhari da abin da ya biyo baya

Jama'a suna ba kowace yunwa suna, kuma Burema Alfa Gado ya nuna a littafinsa na 1993 cewa waɗannan sunaye kundin tarihi ne. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce. Ta 1984 zuwa 1985 a Maraɗi El-Buhari aka ce mata, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a mulkin Janar Buhari. Sunan da kansa nazari ne: mutane sun san fari ne ya hana hatsi, amma rufe hanyar kasuwa da ta cin rani shi ya mai da fari yunwa.

A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi. Har lokacin dashe ne maganin da hukuma ta sani. An sami nasara a wasu wurare, kamar layukan dogon yaro masu tare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, amma galibin dashen da aka yi a jigawa bai rayu ba. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan kalgo da sabara da sauransu ne, waɗanda saiwoyinsu suke raye a ƙasa. In aka zaɓi toho ɗaya ko biyu aka bari, aka rage sauran, cikin shekaru kaɗan sai su zama itace. A lokacin yunwar aka haɗa wannan da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, mafi yawan manoma suka sare abin da suka bari. Waɗanda ba su sare ba suka sami itacen wuta da na sayarwa, hatsinsu kuma bai ragu ba, maƙwabta suka gani. Dabarar ta sami suna, sassabin zamani. Ta bazu ne a shekarun da hannun hukuma ya yi sanyi a karkara don rashin kuɗi, ma'aikatan gandun daji suka rage sintiri, sa'an nan dokar karkara ta 1993 ta ƙarfafa haƙƙin mai gona.

Su ma masu kallon sama suka sake lissafi. A 1991 Compton Tucker da abokansa suka nuna da hotunan tauraron ɗan Adam cewa bakin Sahara ya gangaro kudu da wajen kilomita 240 daga 1980 zuwa 1984, ya kuma koma arewa da wajen kilomita 110 a 1985. Numfashi yake yi da ruwan sama. Binciken Folland da abokansa na 1986, da na Alessandra Giannini da abokanta na 2003, suka danganta babban farin Sahel da sauyin ɗumin ruwan tekuna. Gatarin manomi yana iya lalata gonarsa, amma ba shi ya kori damina ba.

A 2001 Michael Mortimore da Mary Tiffen da Yamba Bubakar na jami'ar Yamai suka sake duba jahar daga 1960 zuwa 2000, har da ƙauyukan da ƙungiyar Bordo ta auna, suka tarar mutane sun ninka amma noman bai rushe yadda aka zata ba. Daga bisani Gray Tappan ya gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, Mahaman Larwanu da Chris Reij da wasu suka bi ƙasa da ƙafa. Ƙiyasin da suka bayar a 2009 shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Ƙiyasi ne, an kuma yi ta maimaita shi a tarurruka kamar yadda aka maimaita kilomita 5.5 na Lamprey, abin da ya isa ya sa mai bincike ya yi hattara. Itatuwan ba su hana yunwar 2005 ba, wadda ta fi cin yara a Maraɗi ɗin nan. Ba su mayar wa makiyayi burtali ba. Kisan Toda na Oktoba 1991, inda mutum fiye da 100 suka halaka, akasari mata da yaran Fulani, ya faru a tsakiyar wannan zamani. Marthe Diarra da Marie Monimart kuma sun nuna a 2004 cewa inda gonaki suka yi ƙaranci a kudancin jahar, gamanar mata ce ake fara janyewa.

Kalmomin da suka rage a warware

Sunan “sassabin zamani” ya yi aiki, don ya ɗauki kalmar da kowane manomi ya sani ya juya ta: sassabe da yake nufin share gona ƙal ya koma zaɓe da bari. Amma “zamani” tana ɓoye wani abu. A Magariya da Matamai da Mirriya, inda gawo ya rufe wajen hekta miliyan guda bisa binciken 2006, babu mishan da ta koyar da kowa. Manoman Damagaram sun daɗe da sanin itacen da yake zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi inuwa da rani dabbobi su taru su bar taki, kuma labarin baka ya riƙe cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 suna hukunta mai sare gawo hukunci mai tsanani. Ƙasidar da ta gabatar musu da abin a matsayin sabon ilimi daga waje za ta sa dattawa murmushi.

Haka nan “muhalli”, wadda aka ɗora wa nauyin environnement. Asalinta Larabci ne, ma'anarta mazauni, kuma har yanzu mai sauraro a ƙauye yana iya ɗaukarta da gida. Hausar manomi ba ta dunƙule abin a kalma guda, tana rarraba shi: gari, karkara, maiso, daji, kowanne da mai iko da shi da abin da ya halatta a cikinsa. Biyu daga cikin huɗun, maiso da daji, sun kusa zama kalmomin tarihi a kudancin jahar, yaran da aka haifa bayan El-Buhari da yawa ba su taɓa ganin abin da suke nufi ba.

Mafi nauyi shi ne aikatau. A al'ada wanda ya dasa itace shi ke da shi, shi ya sa mai gona ba ya barin ɗan aro ya yi dashe. To wanda bai dasa ba, ya dai bar toho ya raya shi, mene ne matsayinsa? Dokar daji ta 2004 ba ta fayyace ba, sai dokar Yuli 2020 ta amince wa manomi da amfanin itacen da ya raya a gonarsa. Da Faransanci aka rubuta ta. Tun da kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, za a bukaci fassarar irin waɗannan dokoki, kuma mai fassara zai zaɓa tsakanin shuka, dasa, bari da raya. In ya ce “dasa”, ya fitar da kusan duk itatuwan da ake magana a kansu daga dokar. In ya ce “bari”, ɗan aro da mai gona kowanne zai ce shi ya bari. “Raya” ta fi kusa, sai dai a gaban kwamitin ƙasa na ƙauye za a tambaya ko mai rayawa shi ne wanda ya riƙe adda, ko wanda gonar take hannunsa tun kakanni, ko matar da take sassabe gamanarta shekara goma ba tare da an taɓa rubuta sunanta ba.